Mefedron garin ganyen kat ne, ko wani abu ne daban?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a sashen harhaɗa magunguna, ina aji uku. Wani abokina da ke karatu a Rasha ya ba ni labarin wani farin gari da samari ke shaƙa a can, wai shi mefedron. Ya ce masu sha suna cewa ai ganyen kat ne da ake taunawa a Yaman da Habasha aka mayar da shi gari, don haka bai fi goro illa ba. Mene ne gaskiyar wannan magana, kuma me yake yi a jiki?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Na ji daɗin tambayar nan, domin maganar da abokinka ya jiyo ba a Rasha kaɗai ake yin ta ba, kuma akwai ɗan ɓurɓushin gaskiya a cikinta, wanda shi ne ya sa take saurin shiga kunne. Dangantaka tsakanin mefedron da ganyen kat akwai ta. Amma ba daga ganyen ake tatso shi ba. Babu bishiyar da ke fitar da shi a duniya, a ɗakin haɗa sinadarai ake ƙera shi tun daga tushe. Kama da wane ba ta wane. Tunda kai ɗan sana'a ne, bari mu bi abin ta ƙirarsa, don a can amsar take.

Mu fara da ganyen. Kat bishiya ce ta tuddan Yaman da gabashin Afirka. Mutanen Habasha suna ce mata cat, a Kenya kuma mira, garin Harar da yankin Meru sun yi suna wajen nomanta. Sinadarin da ke sa mai tauna ya ji ya wartsake sunansa katinon, kuma sai a 1975 aka iya ware shi, a ɗakin binciken Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Janeba. Dalilin jinkirin yana da ban sha'awa: katinon ba ya jimirin ajiya. Da zarar an tsinke ganye ya fara bushewa, cikin kwana biyu yawancinsa ya rikiɗe ya koma katin da wani ɗan'uwansa, waɗanda ba su kai shi ƙarfi ba ko kusa. Masu bincike na farko busasshen ganye ake kai musu, sai su tarar abin da suke nema ya riga ya gudu. Shi ya sa ake naɗe damin kat da ganyen ayaba, motocin da ke ɗaukarsa kuma suke gudu kamar za su tashi sama, don ya isa kasuwa da ɗanyensa. Mai tauna kuwa yana zama sa'o'i uku ko huɗu da dunƙulen ganye a kumatu, sinadarin yana tsattsafowa kaɗan-kaɗan. Muƙamuƙi kansa yana gajiya. Wato ganyen ya zo da birkinsa. Ban ce kat ba shi da illa ba, yana da ita, ga zuciya da haƙora da aljihun maigida. Amma ka tuna goro: dattijo zai wuni yana taunarsa lafiya ƙalau, alhali tsantsar garin kafin, sinadarin da ke cikin goron, cokali guda na iya kai mutum kabari. Ko da mefedron katinon ne zalla, wannan bambanci kaɗai ya isa ya rusa maganar. To kuma ba shi ba ne.

Ɗauko takarda ka zana tare da ni, yadda nake yi wa ɗalibai a allo. Zana zoben nan mai kusurwa shida na kabon. Ka fito masa da wutsiya mai kabon uku, ka rataya naitirojin a jikin na tsakiya. Abin da ka zana amfetamin ne, ƙwayar nan mai sa kuzari da hana barci. Yanzu koma kan kabon na farko, wanda ke manne da zoben, ka ɗora masa oksijin da igiya biyu. Ya zama katinon. Wannan oksijin shi ne tambarin gidan gaba ɗaya, duk wani ɗan dangin katinon yana ɗauke da shi. Ƙara metil ɗaya a kan naitirojin, wato kabon guda da haidurojin uku, ka sami metkatinon, wanda aka haɗa tun 1928, aka kuma taɓa ba masu ciwon damuwa a Tarayyar Sobiyat. Saura taki ɗaya. Ka ƙirga kusurwoyin zoben daga inda wutsiya ta fito, a ta huɗu, wadda ke fuskantar wutsiyar daga ɗaya gefen, ka sa wani metil. Ga mefedron nan a gabanka: kabon 11, haidurojin 15, naitirojin 1, oksijin 1, nauyinsa 177. Cikakken sunansa 4-metilmetkatinon, ana taƙaita shi 4-MMC.

Duk shekara idan na gama wannan zane sai wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce, Malam, ai bambancin ba shi da yawa. A takarda haka ne. A jiki kuwa kowane ɗan ƙari da aikinsa. Oksijin ɗin nan yana sa sinadarin ya fi son ruwa a kan mai, ƙwaƙwalwa kuma katangarta ta mai ce, don haka dangin katinon sukan gaza 'yan'uwansu na gidan amfetamin ƙarfi idan aka auna giram da giram. Mai sha sai ya rama da yawa. Metil ɗin da ke kusurwa ta huɗu shi ne ya fi canza hali. Metkatinon kusan dofamin da noradirenalin kaɗai yake taɓawa, biyu daga cikin sinadaran da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da su. Da aka sa masa wannan metil, sai ya koma yana taɓa serotonin, na ukunsu, da ƙarfi kusan daidai da dofamin. Kabon guda ya ɗauke shi daga layin metamfetamin, wadda ake kira ais, ya ajiye shi tsakaninta da ekstasi, wata ƙwayar maye da ake sha a wuraren rawa. Abin da masu sha ke faɗa ya yi daidai da haka: ga kuzari da surutu da jin kai wani ne, ga kuma jin ƙaunar kowa da son kusantar mutane.

Akwai wani abu kuma da za ka haɗu da shi a darasin ƙirar sinadarai. Kabon na tsakiyar wutsiya yana riƙe da abubuwa huɗu mabambanta, saboda haka mefedron yana da siffa biyu kamar hannun dama da na hagu, ana ce musu R da S. Garin da ake sayarwa gauraye ne na biyun. A gwajin ɓeraye an ga dukansu suna sakin dofamin kusan daidai, amma S ya ninka R sau da yawa wajen sakin serotonin, R ɗin kuma shi ya fi sa dabba ta riƙa komawa inda aka ba ta. Ka ga ko a cikin ƙunshi ɗaya ma magani biyu ne ke aiki.

Tarihinsa shi ne ya fi ba ni takaici, domin yana nuna don wa aka fito da shi. An fara haɗa shi a 1929, aka wallafa a wata mujallar sinadarai ta Faransa, aka manta da shi fiye da shekara saba'in. Ba a taɓa yi masa rajista a matsayin magani a ko'ina ba. Wajen 2003 masu haɗa sinadarai a ɓoye suka tono shi a intanet. A Isra'ila an sayar da katinon cikin kafso har aka haramta shi a 2004, sai masu sana'ar suka karkata ga 'yan'uwansa da doka ba ta ambata ba. Amma a Birtaniya mefedron ya fashe, a 2009. Ga dalili: a 2008 an ƙona tan 33 na man wata bishiya da ake yin ekstasi da shi a Kambodiya, ekstasi ta yi wuya a Turai, hodar ibilis kuma ta cika da algus. Sai ga wani gari mai araha, babu dokar da ta hana shi, ana oda ta intanet ma'aikacin gidan waya ya kawo har ƙofa. A jikin leda ana rubuta takin furanni ko gishirin wanka, a ƙara da cewa ba na shan ɗan'adam ba ne, don a kauce wa dokar magunguna. Babu furen da aka taɓa zuba wa. Suwidin ta haramta shi a ƙarshen 2008 bayan mutuwar wata budurwa 'yar shekara 18 a Istokholm. Birtaniya ta bi a ranar 16 ga Afrilu 2010, Tarayyar Turai a ƙarshen wannan shekarar, Amurka a Oktoban 2011, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta sa shi a jadawali na biyu na yarjejeniyar 1971 kan ƙwayoyi masu taɓa ƙwaƙwalwa a Maris na 2015.

Ka lura da abin da babu a wannan jerin. Maganin da za ka miƙa wa majiyyaci a kanta ya shafe shekara goma ko fiye ana gwada shi, daga dabbobi zuwa mutane kaɗan zuwa dubbai, an san adadin da ke warkarwa da wanda ke cutarwa. Wanda ya zaɓo mefedron tambaya ɗaya ya yi: shin sunansa yana cikin littafin doka? Da lauya aka auna shi, ba da likita ba. Gwaji na farko da aka tsara a kan mutane sai a 2016 aka wallafa shi, bayan dubun dubatar matasa sun riga sun gwada da jikinsu.

Yanzu mu shiga ƙwaƙwalwa. Ka san jijiya ba ta taɓa 'yar'uwarta, akwai ɗan sarari tsakaninsu. Ta farko tana fesa saƙo cikin sararin, dofamin ko noradirenalin ko serotonin, ta biyu ta karɓa. Saƙon ba ya zama. A bangon jijiya ta farko akwai wasu ƙananan injina da ke zuƙe shi su mayar ciki a adana, kowane saƙo da injinsa. Ka ɗauka fadama ce, da injin da ke janye ruwa daga kwami ya mayar tafki don kada shuka ta nutse. Hodar ibilis kashe injin take yi. Ruwan da aka riga aka sako ya tsaya ya taru, amma ba ta ƙara wani ba. Mefedron ba haka yake ba. Ƙirarsa ta yi kama da ta saƙon, sai injin ya zuƙe shi a zaton dofamin ne. Da ya shiga sai ya juya injin, ya koma yana kwaso ruwa daga tafki yana malalawa a gona, ko an buƙata ko ba a buƙata ba. Kuma duka injina ukun yake yi wa haka lokaci guda.

An auna wannan a Suwidin a 2011, ta hanyar sa wani siririn bututu a cibiyar jin daɗi ta ƙwaƙwalwar ɓera. Dofamin ya hau kusan ninki biyar, serotonin ya haura ninki tara. A gwajin guda, amfetamin ta ɗaga dofamin wajen ninki huɗu amma da ƙyar ta motsa serotonin, ekstasi kuma ta ɗaga serotonin ninki tara amma dofamin bai wuce ninki biyu da ɗoriya ba. Mefedron ya haɗa mafi tsananin kowanne. Abu na biyu da suka gani shi ne hawan bai daɗe ba ya sauko.

Wannan saurin saukowa, a ganina, shi ne mugun abin da ke cikin wannan gari, kuma shi ne abin da masu kwatanta shi da kat ba su gane ba. Gwajin 2016 ɗin da na ambata a Basalona ta Sifaniya aka yi shi, da maza 12 masu lafiya. Mefedron ya kai ƙololuwa a jini cikin sa'a ɗaya da kwata, rabinsa kuma ya ɓace cikin kimanin sa'a biyu. Ekstasi, da aka gwada su tare, sai wajen sa'a takwas rabinta ke ɓacewa. Wanda ya shaƙa ta hanci kuwa abin ya fi haka gajarta, cikin 'yan mintoci ya hau, kafin sa'a guda ya fara sauka. Ka san ƙa'idar da muke koyarwa: abin da ya yi saurin hawa ya yi saurin sauka shi ya fi kama mutum. Daɗin yana yankewa tun ƙwaƙwalwa ba ta ƙoshi ba, sai hannu ya koma leda. Ya ƙara, ya sake ƙarawa. Masu sha da kansu suna faɗin cewa sun sayi abin da suke zaton zai yi musu mako, gari ya waye babu ko ɗigo. Wasu sukan yi kwana biyu ko uku a haka, ba barci ba abinci.

Abin da ke faruwa a wannan tsakanin shi ne, tafkin yana ƙafewa. Serotonin ba a ƙera shi da sauri, don haka shaƙa ta biyar ba ta ba da daɗin ta farko. Amma zuciya da jijiyoyin jini ba su daina amsa kiran noradirenalin ba. Daɗi yana raguwa, bugun zuciya da hawan jini da zafin jiki suna taruwa. Mutum yana bin abin da ya riga ya tafi, yana biya da zuciyarsa. Idan kayan suka ƙare kuma sai rami: kwana biyu zuwa huɗu na baƙin ciki marar dalili, kasala, fargaba, saurin fushi. A cikin mace-macen da aka danganta da shi a Birtaniya akwai da dama da ba guba ce ta kashe su kai tsaye ba, kashe kansu suka yi a waɗannan kwanaki. Duk wanda ke kusa da mai sha ya kamata ya san wannan.

Sai hanta, kuma a nan ne zancen ya taɓo mu. Babban inzayim, wato sinadarin hanta mai sarrafa magunguna, da ke narka mefedron shi ne CYP2D6. Yana cire metil ɗin naitirojin ya bar nomefedron, wanda shi ma yana da aiki a ƙwaƙwalwa, yana kuma sarrafa metil ɗin zoben har abin ya fita ta fitsari. To wannan inzayim ba daidai Allah ya raba shi ba. Kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na Turawa kusan ba ya aiki a jikinsu. A Habasha an sami kusan kashi 29 cikin ɗari da nasu ke gudu fiye da kima. A tsakanin baƙaƙen Afirka kuma akwai wani nau'i mai rauni da ya yaɗu sosai. Saboda haka abokai biyu za su raba ƙunshi ɗaya, ɗaya ya tashi ya tafi gida, ɗaya ya kwana a asibiti, kuma babu wanda zai gane wane ne wane ta duban fuska. Magunguna irin su fuluoksetin na masu ciwon damuwa suna toshe wannan inzayim, su mayar da mai lafiyayyar hanta kamar wanda ba shi da shi.

Wane magani kuma ka sani da ke bi ta CYP2D6? Tiramadol da kodin, waɗanda suka addabi unguwanninmu har gwamnatin Najeriya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018. Tiramadol ba mai kashe ciwo kaɗai ba ne, yana hana mayar da serotonin da noradirenalin, yana kuma jawo farfaɗiya idan ya yi yawa. Ka haɗa shi da abin da ke malalo serotonin ninki tara. Wannan shi ake kira gubar serotonin: jiki ya ɗau zafi, tsoka ta sandare tana karkarwa, ƙafa tana harbawa da kanta, hankali ya gushe. Matashin da ya saba da tiramadol a gida ya tafi karatu ko ci-rani inda wannan gari yake, shi ne wanda na fi jin tsoron makomarsa.

Bari in kwatanta maka yadda wanda abin ya yi wa yawa yake zuwa, don wata rana kana bakin aiki za a iya shigo maka da shi. Saurayi ne, riga sharkaf da gumi mai wani irin wari mai hawa kai. Baƙin idonsa ya buɗe ya cinye kusan duka. Haƙora suna gurzar juna har kana ji daga inda kake tsaye, wataƙila ya tauna cikin kumatunsa ya yi jini. Hanci ya yi ja yana tsiyaya, domin garin yana ƙona fatar ciki. Ka taɓa goshinsa kamar garwashi, ka taɓa yatsunsa ka ji sanyi, wani lokaci har sun yi shuɗi-shuɗi, saboda ƙananan jijiyoyin jini sun tsuke. Bugun zuciya 140 ko fiye. Ba ya zama wuri ɗaya, yana waige-waige, ya tabbata akwai masu binsa. Babu maganin da ke karya wannan guba. Abin da ake yi shi ne a kwantar da shi da dangin dayazifam, wanda ke sauko da zuciya da hawan jini ya kuma tare farfaɗiya, a sanyaya jikinsa da gaggawa, a duba zuciya. Ma'aunin zafi shi ne abin da ba a wasa da shi. Idan ya haura 40 tsoka na iya fara narkewa, fitsari ya koma kamar baƙin shayi, ƙoda ta tsaya. Kada a taru a danne shi rubda ciki, kokawar tana ƙara zafin, dannewar tana hana numfashi.

Akwai wani tarko da 'yan'uwa masu kyakkyawar niyya ke faɗawa: ɗura masa ruwa. Serotonin mai yawa yana sa jiki ya saki sinadarin da ke hana ƙoda zubar da ruwa. Mutum yana jin ƙishi yana ta kwankwaɗa, ruwan ba ya fita, gishirin jini ya tsinke, ƙwaƙwalwa ta kumbura. Yarinyar Istokholm da na ambata an same ta da ƙarancin gishirin jini da kumburin ƙwaƙwalwa. Don haka a auna sodiyam, wato gishirin jinin, kafin a rataya ledar ruwa.

Game da lalata jijiyoyin ƙwaƙwalwa na dindindin, abin da gwajin dabbobi ya nuna yana da rassa biyu. Shi kaɗai bai kai metamfetamin ɓarna ga jijiyoyin dofamin ba. Amma da aka haɗa su, sai ya ƙara wa ɓarnar metamfetamin ɗin tsanani. Da aka ba ɓeraye shi a jere cikin ɗaki mai zafi kuma, an ga raunin tsarin serotonin da ya daɗe bai gyaru ba. Zafin wuri yana cikin lissafi ke nan. Ka tuna watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri.

Duk abin da na faɗa ya ginu ne a kan cewa abin da ke cikin ledar mefedron ne. Yawanci babu mai wannan tabbaci. Da aka haramta 4-MMC sai aka matsar da metil ɗin daga kusurwa ta huɗu zuwa ta uku, aka sami 3-MMC. Holand ta hana shi a 2021, Majalisar Ɗinkin Duniya a 2023, sai aka koma kusurwa ta biyu, wato 2-MMC, ko a cire metil a sa kulorin. Birtaniya da ta gaji da wannan tsere sai ta yi doka a 2016 da ta haramta duk wani abu mai taɓa ƙwaƙwalwa in ban da waɗanda aka keɓe. Mafi hatsari su ne waɗanda aka naɗe naitirojin ɗinsu cikin ƙaramin zobe aka kuma tsawaita wutsiya, irin MDPV da alfa-PVP, wanda aka sani da fulaka a Fulorida a 2014 da 2015. Waɗannan sun yi girman da injin ba zai zuƙe su ba, sai su toshe bakinsa kamar hodar ibilis, amma MDPV ya ninka ta wajen sau hamsin a kan injin dofamin. Ba sa kula serotonin. Abin da suke bayarwa zargi ne da firgici da haukan kwanaki. A ido duk farin gari ne. Wanda ya ɗebi MDPV da ma'aunin da ya saba ɗibar mefedron ya sha ninkin-ba-ninkin abin da jiki zai ɗauka. Masu yi da allura kuma, saboda gajartar aikin, suna huda jiki sau da yawa a rana, har aka sami ɓarkewar cutar ƙanjamau a Dabilin ta Ailan a 2015 da aka danganta da alfa-PVP.

Ɗan kwanon gwajin fitsari da ake amfani da shi a asibitoci da wuraren ɗaukar aiki ba don wannan dangi aka yi shi ba. Sau da yawa ba ya ganinsu, wani lokaci kuma ya nuna amfetamin bisa kuskure. Sai babbar na'ura mai rarrabe sinadarai ta auna nauyinsu, ita ma ɗin 2-MMC da 3-MMC da 4-MMC nauyinsu ɗaya ne, 177, sai an yi ƙarin aiki kafin a bambance. Oksijin ɗin nan da ke sa katinon ya lalace a ganye yana sa mefedron ya lalace a kwalbar jini idan aka bar ta a kan tebur. A sa samfuri a sanyi nan take. Idan sakamako ya ce babu komai alhali majiyyaci yana gabanka yana gurzar haƙori da zafi 40, ka yarda da idonka.

Abu biyu nake so ka riƙe don kada ka zarce. Na farko, kada ka yi wa abokinka ƙari. A Maris na 2010 jaridun Birtaniya sun cika da labarin samari biyu a garin Iskantof da aka ce mefedron ya kashe, daga baya gwaji ya nuna babu shi a jininsu. A 2012 wani mutum a Mayami ya ciji fuskar wani, duniya ta ɗauka gishirin wanka ne, gwaji bai sami komai ba sai tabar wiwi. Matashin da ya ga abokansa sun sha ba su ciji kowa ba zai watsar da duk gargaɗin, har da na gaskiya. Gaskiyar ta isa ba sai an yi mata ado ba. Na biyu, ba sunan gida ne laifi ba. Bufurofiyon, da likitoci ke rubutawa don ciwon damuwa da barin taba, wanda Amurka ta amince da shi a 1985, ɗan gidan katinon ne, oksijin ɗin yana nan a inda ka zana shi. Shi an gwada shi, har aka gano yana jawo farfaɗiya idan ya wuce wani adadi, aka janye shi, aka rage adadin sannan aka dawo da shi kasuwa.

Ga abin da za ka isar wa abokinka. Mefedron haramtacce ne a Rasha, dokar ƙwayoyi ta ƙasar kuma tana da tsauri, ɗan abin da bai cika cokali ba yana iya kai mutum gidan yari na shekaru, ɗalibi baƙo kuma ba shi da mai tsaya masa. Idan a ɗakin kwanansu wani ya sha ya fara zafin jiki, ko ciwon ƙirji, ko jijjiga, ko ya daina gane mutane, a kira lambar agajin gaggawa 112 nan take, kada a jira wai zai sake shi. A cire masa kaya masu nauyi, a jiƙa jikinsa a yi masa fifita, idan ya suma a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa ruwa. Idan ma'aikatan lafiya sun iso a gaya musu abin da ya sha, da lokacin, da duk wani magani da yake sha, ko da na ciwon baya ne.